Kwana Bakwai a Masaukin Inna Kulu

Hadiza, ke ce babba, da ke zan fara. Tun kina ƙarama kin sha jin goggonninki suna yi mini gori, wai ba ni da kunya, ina kwaɗa wa 'yar fari kira da sunanta a tsakiyar mutane kamar mai kiran akuya. Na san ke kanki abin ya taɓa ba ki haushi lokacin da kika fara zama budurwa. Ban taɓa ba su amsa ba. Kuma ku duka kun tashi da labarin cewa ni ban san uwata ba, wai ta yar da ni ina bakin nono ta gudu birni, ban ƙara sa ta a ido ba. Ni na bar labarin nan ya yi ta yawo, don ya fi mini sauƙin ɗauka. To, ba haka aka yi ba. Na ga uwata. Na kwana bakwai a gidanta, na ci tuwon hannunta, ina biyan kuɗin kwana kamar kowane baƙo. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, gara ku ji daga bakina kafin wani ya ba ku shi a karkace.

Shekara ta biyu ce da Bature ya naɗe tutarsa. Mu a rugarmu, can wajen Sukukutane, ba mu ga abin da ya sake ba, mai karɓar jangali ya zo kamar kullum, hularsa kawai ta canja. Ina da kamar shekara ashirin, babana ya rasu a lokacin girbi. Shi Bafillace ne, uwata kuwa Ba'ara ce, 'yar manoma, sunanta Kulu. Kakata ta wajen uba ce ta rene ni, kuma duk ranar da na tambayi uwata amsa ɗaya ce: ta ƙi daji, ta ƙi warin shanu, ta tafi. Da wannan na girma, ina jin haushin matar da ban sani ba, ina kuma kewarta, wallahi har ban san wanne ya fi yawa ba. Ranar addu'ar bakwai wani dillalin shanu ya zo gaisuwa, na ji yana gaya wa baffana ƙasa-ƙasa cewa Kulu tana nan Dogon Dutsi, mijinta na biyu ya mutu ya bar mata gida a bayan kara, inda ake cinikin shanu, tana saukar da baƙi. Da aka kwana biyu na ce wa baffana zan tafi ci-rani, na ɗauki sandata da gorar ruwa da bargo, na kama hanya ni kaɗai.

Kun san zuciyata, uwarku ta fi kowa sani. A cikin rairayin nan, kwana biyu ina tafiya, na ɗaure wa kaina wata igiya da ba wanda ya sa ni. Na ce ba zan faɗa mata ko ni wane ne ba. Zan shiga a matsayin baƙo. In uwa ce, ta gane ni ta kira ni. In ba ta kira ni ba, to maganar kakata ta tabbata, sai in kaɗe bargona in yi gaba. A lokacin gani nake wannan shi ne mazantaka.

Na shigo garin da la'asar, dutsen nan ja yana tsaye a bayansa. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba, ga sabuwar tuta a ofishin kumandan mai mulkin gari, ga manyan motoci masu zuwa Yamai da Ƙonni suna ta gurnani. Gidan bai yi wuyar samu ba, duk wanda na tambaya sai ya nuna da baki ya ce gidan Inna Kulu, ai can ne. Zaure ne babba, sai wata doguwar rumfa ta zana a ciki, tabarmi a jere, randa biyu da butoci a bakin ƙofa. Masaukin talakawa ne, dala ɗaya kwana har da kokon safe, kuɗin cizo kuwa kyauta. Akwai fatake masu kanwa, da 'yan ci-rani, da direbobi, da wani tsohon soja mai jiran takardarsa, da wani ɗan mishan daga Dumega mai keke. Kowa da ƙunshinsa a ƙarƙashin kai. Da na yi sallama, ta ba ni baya tana zolayar wani direba da ya zo ba tsaraba. Mace ce doguwa, ta ɗan ranƙwafa, da zanen Arawa daga baki har kunne.

"Kai ɗana, kullum hannu na dukan cinya? To yau ba ka shan furata."

Suka yi dariya. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta juyo wajena tana cewa, "Maraba da..." Na sa hannu biyu zan karɓa. Kun san tabon nan na wuyan hannuna na hagu, wanda wuta ta ƙone ni ina rarrafe. Sai maganar ta tsaya a bakinta. Ta sakar mini ƙwaryar har ruwan ya zubo mini a ƙafa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya ta shige cikin gida. Ni kuwa abin da na gani shi ne mace ta dubi Bafillacen daji, da ƙura da dauɗar tafiya, ta ji ƙyama. Na ce a raina, to, ga warin shanun nan da aka ce ba ta so.

Wani tsoho ne ya karɓe ni, Baba Arzika, wanzami, mutumin Kore Mairuwa. Ya shekara goma yana kwana a zauren nan har ya zama kamar ɗan gida. Ya shiga ciki ya jima, ya fito da sabuwar tabarma fil, ko naɗinta ba a kwance ba, ya shimfiɗa mini a kusurwar rumfa ta gabas, inda rana ba ta duka. Tsohon sojan ya yi ƙorafi, ya ce shi wata biyu yana kwana a kan tsumma. Baba Arzika ya ce masa ya yi shiru, shi bai san komai ba. Ni ma ban san komai ba. Na zaci don kada in haɗa jiki da 'yan gari aka ware ni.

Haka kwanakin suka yi ta tafiya. Da safe takan fito da tukunyar koko tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Ɗana mai kanwa, miƙo ƙwaryarka. Ɗana soja, yau ma ofis? Har ɗan mishan ɗin nan ɗana take ce masa, ta tambaye shi lafiyar kekensa. Duk wanda ya taka zauren nan ɗanta ne, tsoho da yaro. Ni kaɗai ne ba ta taɓa ce wa komai ba. Sai ta aje ƙwaryata a gindin ginshiƙin da ke kusa da tabarmata, ta ce wa iska, "Mai ƙwarya shi ɗauka," ta wuce. In na gaishe ta, bango take amsa wa. Kuɗin kwanan ma ba ta karɓa daga hannuna, sai Baba Arzika. Na lura dai furata ta fi ta kowa nono, tuwona kuma da man shanu a ƙarƙashi, an binne shi inda ba a gani sai ka sa hannu. Amma mai fushi ba ya ɗanɗano. Na ce wannan ai don an san abincin Fulani ke nan.

Da rana mutanen rumfa kan yi ta gardama a kan mulkin kai, ko za a rage lanho, wato haraji, ko gyaɗa za ta yi kuɗi, ko baƙin kumandan ya fi farin sauƙi. Ni ba ni da ta cewa, Hausata ma a lokacin dariya take ba su. Sai in tafi kara in zauna kusa da shanun mutane, in shaƙi warinsu, in ji kamar ina gida. In na dawo in zauna a kusurwata ina satar kallonta ta tsakanin zana. Ina kallon yadda take tuƙa tuwo, da yadda take sa bayan hannu ta rufe baki in za ta yi dariya, daidai yadda kike yi, Hadiza. Tana da wushirya irin tawa. Ina zaune taku goma da uwata, amma ban taɓa jin kewarta kamar a kwanakin nan ba, ko a ruga. Ba wani babban abu nake so ba. Ko da ɗana ɗin nan da take rabawa kowa kyauta, da ta ba ni guda ɗaya, da ya ishe ni.

A rana ta biyar Baba Arzika ya ce gashina ya yi yawa, in zo ya yi mini aski. Ya zaunar da ni a zaure, ya jiƙa kan, yana wasa aska a fata. Yana cikin yi sai ya ce:

"Kai dai an yi maka tarbiyya. Ɗiyan yanzu da sun faɗo gida suna ihu, sun tara mutane. Kai kau ka san abin da ya kamata."

Na ɗauka shirun da nake yi yake yabo. Maganar ta zo mini har maƙoshi, na ce, "Baba, akwai abin da nake so in faɗa maka."

"Ba sai ka hwaɗi ba," in ji shi. "Muna da ido. Mun gani."

Na ce a raina, ashe har tsohon nan ya ga wulaƙancin da ake yi mini. Sai na haɗiye. Da na ƙara kalma uku a ranar nan, da wannan takarda ba ta rubutu ba.

A rana ta shida na karya rabin rantsuwata. Na gama cin tuwon rana, maimakon in bar ƙwaryar inda aka saba, na ɗauka na nufi madafa da kaina. Tana durƙushe tana hura wuta. Na tsaya a kanta, na ce, "Inna, ga ƙwarya." Ban taɓa kiran wata mace Inna ba sai ranar. Na ga bayanta ya ƙame. Ba ta ɗago ba, ta ce wa tukunya, "A aje nan." Na tsaya, na tsaya, ina jira. Hayaƙi yana tashi, tana ta share ido da bakin zane. Sai ga direban nan na ranar farko ya yi sallama, ya dawo daga Ƙonni da albasa. Ta miƙe kamar an cece ta, ta wuce ni, tana cewa maraba da ɗana, yau ka tuna da uwarka. Kai! Abin da na ji a ƙirjina ba ya faɗuwa. A take na tambayi direban ko akwai motar da za ta Gaya, ya ce gobe da safe. Na ce a sa da ni. Da ƙarfi na faɗa, don ta ji.

Da safe ina naɗe bargo Baba Arzika ya zo da wani ƙunshi a cikin tsohon ƙyallen saƙi baƙi, an ƙulle shi tam. Ya ce in ji uwar gida, guzuri ne, in buɗe in na zauna. Ya tambaye ni yaushe zan dawo, na ce sai Allah ya yi. Da na fito tana tsaye a bakin zaure, ta ba ni gefe, tana kallon hanya. Na ce mata na gode da masauki, baƙo raɓa ne, yau na kaɗe. Da gayya na faɗa. Sai ta ce, a hankali, ba tare da ta dube ni ba:

"Allah shi kai lafiya. Allah shi maido."

Iyakar maganar da uwata ta taɓa yi mini ke nan a duniya.

Na hau bayan mota a kan buhunan wake, ƙunshin yana cinyata yana ƙona ni. Kusa da ni akwai wata mata da yara biyu suna kukan yunwa. Na ce ni ba zan ci sadakar wadda ta ƙi ni ba. Na miƙa wa matar ƙunshin yadda yake, ko ƙullin ban taɓa ba, na ce ta ba yara. Ta yi ta sa mini albarka. A Kore Mairuwa ta sauka, na ga ta tura shi cikin kwandonta ta aza a ka, ta shiga cikin mutane.

Shekara uku na yi a Kurmi ina dako. Na kwana a masaukai iri-iri, wasu ko akuya ba za ta yarda da su ba, kuma a kowanne in mai gida ta fito da abinci da safe sai in sami kaina ina sauraron wata murya. Fushin ya ƙare tun a shekarar farko, kewa ta rage. Na yi ta juya abin a raina har na ce, to wai ni wa ya aike ni? Yaron da aka rabu da shi yana goye, ya dawo da gemu, a ce dole sai an gane shi? Na sayi turmin atamfa mai kyau da goro, na ce wannan karon daga bakin zaure zan ce ni ne Amadu, ɗan Kulu, ko ta kore ni ko ta karɓe ni.

Na iso Dogon Dutsi bayan an gama girbi. Zauren yana nan, rumfar tana nan, amma wata mata ce da ban sani ba take rabon fura. Baba Arzika yana zaune da zabirarsa, ya ƙara tsufa. Da ya gan ni bai yi maraba ba. Ya dube ni, ya dubi atamfar, ya ce in zauna. Ya ce Kulu ta rasu a tsakiyar damina, zazzaɓi na kwana huɗu. Da na sami baki, abin da ya fito shi ne, ta tafi ba ta san ko ni wane ne ba.

"Wa?" in ji shi. "Kulu? Ba ta san ka ba?"

Na ce ai ban taɓa faɗa mata ba.

Ya aje askar da ke hannunsa. "Yaro, tun ran da ka karɓi ruwa ta ga hannunka. Ta shiga ɗaki ta yi kuka har na ji tsoro. Duk gidan ga an sani. Kai ba ɗan fari ba ne? Mi kake so ta yi, ta kira sunanka gaban maza?"

Hadiza, ni fa a ruga na tashi. A wurinmu uwa ba ta kiran ɗan farinta, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta ci a inda yake. Na fi Baba Arzika sanin wannan. Amma ni a kaina kunya ta wanda aka sani ce, kuma na riga na yanke cewa ba ta san ni ba, saboda haka duk abin da ta yi na karanta shi a juye. Kowa ɗanta ne a baki don ba ita ta haife su ba. Wanda ta haifa shi ne bakinta ya kasa. Kwana bakwai tana yi mini hannunka mai sanda da tabarma da nono da man shanu, ni kuma ina kwance kamar kazar da ta kwana kan dami da yunwa. Su kuma mutanen gidan da suka ga ina sunkuyar da kai ba na yi mata magana, sai suka ce madalla, ɗa yana jin kunyar uwa, uwa tana jin kunyar ɗa, abin ya yi kyau. Ba wanda ya ga dalilin sa baki.

Baba Arzika ya ba ni sauran labarin. Ba ta ƙi daji ba. Ranar da na sa hannu a wuta ta je rijiya ne, kakata ta ɗora mata laifi, babana ya sake ta a cikin fushi, aka karɓe ni. Sau biyu tana takawa har ruga da ƙafa, ta tarar mun tashi. Da ta sami gidan nan, mutane suka ce ta sayar ta koma cikin gari, ta ce a'a, a bayan kara za ta zauna, wata rana shanu za su kawo shi. Sannan ya dube ni ya ce abin da ya kasa ganewa shi ne yadda na ga abin da ke cikin ƙunshin nan amma na yi shekara uku ban waiwayo ba. Ita kullum cewa take, ya gani, zai zo, hanya ce da nisa.

Na ce mene ne a ciki?

Ya ce dakuwa ce, da 'yar layar da aka rataya mini a wuya ranar suna. Ta tsinke ta ranar da aka karɓe ni, shekara ashirin tana ɗaure a bakin zanenta. Abin da bakinta ya kasa faɗa ne ta ƙulle ta ba ni.

Na tafi Kore Mairuwa, na yi kasuwa uku ina tambayar wata mata mai yara biyu da kwando. Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba, mutane suka fara yi mini kallon taɓaɓɓe. Ban taɓa ganin layar nan ba, ban san ko ja ce ko baƙa ba. Har yau in na ga yaro da laya a wuya sai na ƙara dubawa.

Abu ɗaya na samu. Tun ranar da na tafi ta naɗe tabarmar nan ta kusurwa ta rataye a ɗakinta, ba baƙon da ya ƙara kwana a kai, ko ranar kasuwa da mutane ke kwana a ƙasa. Baba Arzika ya ɗauko mini ita, ni kuma na ba shi atamfar ya kai wa 'yarsa. Ita ce tsohuwar tabarmar da ke ƙarƙashin gadona, wadda ƙanenki ya so ya hura wuta da ita bara har na kusa fasa masa kai da sanda, kuka ce tsufa ya fara taɓa ni.

Ban ce kunya mugun abu ba ce. Uwata ba ta yi laifi ba, abin da aka koya mata ta yi, kuma ta yi shi da kyau. Ni ne na zo da sharaɗi. Amma ranar da aka haife ki, da liman ya raɗa sunanki, na fita bayan gida ni kaɗai na faɗe shi da ƙarfi har sau uku, na ce wannan yarinya ba za ta taɓa zama taku goma da ni tana tunanin ko na san ta ba. Goggonninki su yi ta gori.

To Hadiza, in kin gama karantawa ki zo. Ba aike zan yi miki ba, ba kuma abin da ke ciwo. So nake in kira ki, ki amsa.